Kafin Ka Sayi Gem: Yadda Ake Auna Tsawon Wasa da Kuɗinsa

Sabon wasan bidiyo na manyan kamfanoni, irin wanda ake sakawa a PlayStation 5, dala 70 ake sayar da shi ranar da ya fito. A 2020 aka fara ganin wannan farashi, lokacin da kamfanin da ya yi wasan ƙwallon kwando na NBA 2K21 ya ɗora dala 10 a kan dala 60 da aka yi kusan shekara 15 ana biya, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. A watan Yunin 2025 kamfanin Nintendo ya kai shi dala 80 da wasan Mario Kart World. Ga ma'aikaci a Amurka wannan bai kai ladan aikin yini biyu ba. A wurinmu kuwa, lokacin da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, dala 70 ta zarce naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Faifai guda ya fi albashin wata.

Saboda haka idan matashi a Birnin Malam ya tara abin da ya samu a aikin albasa ko a kan babur, ya shiga Jega ko ya ba da saƙo Birnin Kebbi ko Kano a sayo masa faifai, ba mamaki tambayarsa ta farko ta zama, "Awa nawa ne a cikinsa?" Tambaya ce mai kyau, amma ita kaɗai takan kai mutum ta baro shi. Awannin da aka ce wasa yana da su daban, awannin da kai za ka zauna ka buga da jin daɗi daban, kuma na biyun nan su kake biya wa kuɗi. Ga yadda ake gano su tun kuɗin suna aljihu.

Awannin da ake faɗa

Akwai shafin intanet mai suna HowLongToBeat, inda masu wasa daga ko'ina suke rubuta tsawon lokacin da kowane wasa ya ɗauke su. Ba ya cin data sosai. Idan ka rubuta sunan wasa zai nuna maka lambobi uku: ta wanda ya bi labarin kai tsaye har ƙarshe, da ta wanda ya haɗa da ayyukan gefe, da ta wanda ya rantse sai ya tono duk abin da aka ɓoye. Ta farkon ce taka. Mai sayarwa ta ukun zai faɗa maka, don ita ce mai girma, amma mutum ƙalilan ne suke kai wa can.

Labarin GTA V, wanda ya fito a 2013, wajen awa 30 ne. God of War na 2018 wajen awa 20. Uncharted 4 na 2016 wajen 15. Red Dead Redemption 2 na 2018 da The Witcher 3 na 2015 kowannensu ya kai awa 50, kuma Witcher yana haura 100 idan an bi ayyukan gefensa. A ɗaya ɓangaren akwai irin The Order: 1886, da ya fito a Fabrairun 2015 a kan dala 60, mutane suka gama shi cikin awa bakwai, kuma babu wani abin da za a koma a yi a ciki. An yi ta surutu a kansa, kuma masu surutun suna da gaskiya.

Sai dai waɗannan lambobi na mutanen da Turanci ya zauna musu a kunne ne, masu wuta dare da rana. Wasa irin Witcher rabinsa hira ce da karatu da zaɓen amsa. Idan kai mai danna maɓalli ne ka tsallake duk wata hira don a koma faɗa, to rabin abin da ka biya wa kuɗi ka tsallake, kuma ba da jimawa ba za ka rasa inda aka dosa, ka ajiye shi. Wannan ba abin kunya ba ne. Ka dai san halinka, ka sayi abin da ya dace da shi.

Akwai kuma tsawon da ba na Allah da Annabi ba. Kamfanoni sun gane cewa mai saye yana son jin babbar lamba, sai wasu suka koma cika wasa da maimaici: taswira mai faɗi, a aike ka ka kwaso abu goma iri ɗaya, ka kame sansani, ka yi tafiya mai nisa, ka sake kame wani sansanin da bai bambanta da na farko ba. Assassin's Creed Valhalla na 2020 labarinsa kaɗai yana cin wajen awa 60, kuma ko masoyansa da yawa sun ce an ja shi fiye da kima. Wanda ya gabace shi, Odyssey na 2018, har wani abu ake sayarwa a cikinsa a kan kusan dala 10 don ɗan wasanka ya riƙa ƙara ƙarfi da sauri. Ka duba wannan da kyau: ka biya kuɗi don wasa mai tsawo, sannan ana neman ka sake biya don a gajarta maka shi. Idan kamfani da kansa yana sayar da hanyar tsallake wani sashe na wasansa, ya gaya maka darajar wannan sashen.

Hanya biyu nake ba da shawara a bi don gane irin wannan. Ta farko, kada ka kalli tallan wasa, domin talla an yanko masa wurare mafiya kyau ne. Shiga YouTube ka nemi wanda ya ɗauki kansa yana bugawa, ka zaɓi kashi na goma ko na goma sha biyar, wato tsakiyar wasan, ka rage ingancin hoton don data, ka kalli minti goma. Abin da ka ga yana yi a minti goman nan shi za ka yi ta yi na makonni. In ka fara hamma kana kallo, ka huta da kuɗinka. Ta biyu, a na'urar PlayStation kowane wasa yana da jerin kofunan da ake ba ɗan wasa idan ya cim ma wani mataki, kuma a gefen kowane kofi ana nuna kashi nawa cikin ɗari na masu wasan suka samu. Roƙi wanda yake da wasan ya buɗe maka, ka nemi kofin kammala labari. A dogayen wasanni da yawa za ka tarar waɗanda suka kai ƙarshe ba su kai rabi ba. Su ma da niyyar gamawa suka saya.

Abin da ke sa a koma wa wasa

Dattawan da ke zama gindin bishiya suna dara, da ramuka talatin a ƙasa da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wasu sun yi shekara arba'in suna yi ba su gaji ba. Ramukan ba su ƙaru ba, dokar jera uku ba ta canza ba. Abin da ke sabunta wasan kullum shi ne mutumin da ke zaune a gabanka, da dabararsa, da zolayarsa idan ya ci ka. Haka wasan bidiyo yake. Wanda ake bugawa da mutum ba ya ƙarewa. Wanda ake bugawa da na'ura yana da ranar ƙarewa, komai girmansa.

Shi ya sa duk shagon gem da ka leƙa a Jega, ko a kewayen jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ƙwallo za ka tarar a talabijin. Benci ɗaya, mutum biyu riƙe da fad, shida a tsaye a bayansu kowa ya zama koci. "Ba shi fas mana!" "Kai, ka cire golan nan!" Wanda aka ci ya miƙa fad, wanda ya ci ya gyara zama yana tambayar saura wa. Wasa guda bai fi minti goma sha biyu zuwa sha biyar ba, amma faifai ɗaya yana iya yin shekara uku yana wannan aiki. Wasannin faɗa irin Mortal Kombat da Tekken, da na kokawa, da na tseren mota da ake raba allo biyu, duk wannan layin suke bi.

Don haka kafin ka lissafa wa wasa darajar maimaitawa, tambayi kanka da wa za ka buga. Kana da fad na biyu? Kana da ƙane ko aboki da zai riƙa zuwa? Idan kai kaɗai ne a ɗaki, ƙwallo da na'ura takan gundiri mutum da zarar ya gano lagonta, sai dai in kana son sashen da ake ba ka ƙungiya ka riƙe kaka bayan kaka, kana saye da sayar da 'yan wasa. Wannan sashen yana cin watanni kuma ba ya buƙatar intanet.

A cikin wasannin labari ma akwai waɗanda aka gina don a maimaita. Resident Evil 4, da ya zo PlayStation 2 a 2005, wajen awa 15 ne, amma idan ka gama sai a bar maka makamanka ka sake farawa da su, a buɗe maka mataki mafi wuya, da wani ƙaramin wasa na daban da ake tseren maki a ciki. Mutane sun zagaya shi sau uku, sau biyar. GTA kuma bayan labari ya ƙare garin yana nan, ana shiga a yi yawo. Minecraft, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 300, ba shi da wani labari na a zo a gani, gini ne kawai da tono, kuma yara ba sa gajiya da shi. Abin da za ka bincika shi ne ko zagaye na biyu zai ba ka abin da na farko bai ba ka ba. Idan hanya ɗaya ce da ƙarshe ɗaya, lissafa shi sau ɗaya.

Akwai tarko a nan da ya fi shafar mu fiye da mutanen birane masu intanet mai ƙarfi. Wasanni da yawa na yanzu, abin da ake kira dogon rayuwarsu duk ta intanet yake. In sabis yana rawa, ɗan wasanka zai riƙa tsayawa cak ana harbinsa, ko ka danna fas sai bayan daƙiƙa ya tafi. A PS4 da PS5 kuma, wasan da aka saya ba a buga shi da mutane ta intanet sai an biya kuɗin rajistar PlayStation Plus, na wata ko na shekara. Sannan ranar da kamfani ya ga dama yana iya kashe kwamfutocin da wasan ya dogara da su. Kamfanin Ubisoft ya yi haka da wasan tseren mota The Crew na 2014: a ƙarshen Maris 2024 ya rufe, duk wanda ya saya, har mai faifai a hannu, wasan ya daina buɗewa. Kamfanin EA ma yakan rufe ɓangaren intanet na tsofaffin wasannin ƙwallonsa bayan 'yan shekaru. Ga mazaunin Birnin Malam ko ƙauyukan Maiyama, ni ina ganin awannin da za a iya bugawa ba tare da intanet ba su kaɗai ya kamata a sa a lissafi. In sauran sun samu, riba ce.

Kuɗin da ba a rubuta a kwali ba

Bature yana lissafa farashin faifai ne ya tsaya. Mu sai mun ƙara wuta. PS5 tana jan wajen wat 200 idan ana wasa, PS4 tsakanin 80 da 150 gwargwadon samfurinta, PS2 kuwa ba ta wuce 50 ba, ban da talabijin da fanka. Idan wutar Kaduna Electric ta zo, madalla. Idan janareto ne, kowace awa da kuɗinta, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024. Kada ka yi kirdado. Zuba lita ɗaya a injin bayan ya ƙone abin da ke ciki, kunna na'ura da talabijin, ka duba agogo har ya mutu. Raba kuɗin litar da awannin da ya yi. Wannan shi ne kuɗin wutar awa ɗaya a gidanka. Ninka shi sau 100, za ka ga cewa wasan awa 100 a kan janareto man da zai sha yana iya kamo kuɗin faifan. Mai sola da batir ya fi samun sauƙi, amma shi ma ya san awa nawa batirin ke ɗauka bayan magariba.

Sai data. Red Dead Redemption 2 ya kai giga 100. Wanda ya saye shi ta intanet sai ya sauke wannan duka, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Faifai yana rage wannan nauyi, domin yawancin wasan yana kansa, amma ba kowane ba. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke kansa bai kai mega 100 ba, sauran duk sai an sauke. Juya kwalin ka karanta bayansa. In an rubuta cewa dole sai da intanet, ka ɗauki maganar da gaske.

Fad ma yana mutuwa, kuma ƙwallo ta fi komai kashe shi. Sandar hagu takan fara ja da kanta, ɗan wasa ya riƙa gudu ba ka taɓa shi ba. Zafin Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40 a wannan yanki, da ƙurar hunturu, su ma suna cin rabonsu a jikin na'ura. Ɗora ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, rufe ta da ƙyalle idan an kashe, a kai wa mai gyara ya share fankarta idan ta fara ƙara.

Amma akwai abu ɗaya da ke dawo maka da kuɗi, kuma shi ne ya fi sauya lissafin gaba ɗaya: faifai ana sayar da shi, ana musanya shi, ana ba da aronsa. Wasan da ka saya ta intanet yana maƙale da asusunka har abada, ba ka da ikon sayar wa kowa. Shi ya sa duk mai niyyar sayen PS5 nake ce masa ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai ramin faifai.

Lissafin kansa

Ɗauki takarda. Rubuta kuɗin saye, ƙara kuɗin datar da za ka sauke, da kuɗin rajista in akwai. Cire abin da kake sa ran samu idan ka sayar. Abin da ya rage raba shi da awannin da ka tabbata za ka buga, sannan ka ɗora kuɗin wutar awa ɗaya a kai.

Wajen awannin nan ne mutum ke yaudarar kansa. Lissafa makonka na gaskiya. Ɗalibi a Aliero yana da hutu yana da lokacin jarrabawa. Mai gonar albasa a lokacin ban ruwa da cira ba shi da yamma balle dare. Mai jiran shago sai an tashi kasuwa. Wanda yake da awa biyar a mako, wasan awa 100 zai ɗauke shi wata biyar, kuma kafin nan ya manta farkon labarin.

A ce, misali, ka sayi sabuwar ƙwallo naira 100,000, kai da ƙannenka kuna bugawa awa ɗaya kullum har wata goma, wato awa 300, sannan ka sayar da ita 20,000. Awa ɗaya ta tsaya maka ƙasa da naira 270. A ce kuma ka sayi faifan God of War na hannu 25,000, ka gama shi cikin awa 20, ka sayar 20,000 bayan wata guda. Awa ɗaya naira 250. Gajeren wasan da dogon sun zo kunnen doki. Yanzu a ce ka sayi wani ƙaton wasa ta intanet 60,000 don an ce maka awa 100 ne, ka yi awa 12 ya gundire ka. Awa ɗaya naira 5,000, kuma babu wanda za ka sayar wa. Lambobin nan na misali ne, ka sa na kasuwarka a gurbinsu, amma yadda suke faɗuwa ba ya canzawa.

Idan ka samu lambarka, gwada ta da abin da mai shagon gem na unguwarku ke karɓa a awa. Wanda ba ya wuce awa biyu ko uku a mako, sau da yawa zai ga zuwa shago ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, ga abokan wasa a shirye, ga mai da gyara duk a wuyan wani.

Ban yarda a tsaya a kan wannan lamba kaɗai ba. Awar da ka yi kana maimaita aikin da ba ka so don kawai kada kuɗinka su tafi a banza, ba riba ba ce, hasara ce ta biyu, domin daga karatunka ko sana'arka ko barcinka aka cire ta. Wasan awa 15 da ya riƙe ka tun daga farko har ƙarshe, ka gama ka miƙa wa wani, ya fi mini wanda zai zauna maka a wuya wata shida.

Wasannin da aka ce kyauta ne

Yawancin matasanmu a waya suke wasa: Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile, eFootball, Dream League Soccer. Ba a biyan ko sisi wajen saukewa, kuma ba su da ƙarshe. In aka bi lissafin sama sai a ce sun fi kowa araha. Ga wanda ya kame hannunsa, haka ne. Amma kamfanonin ba sadaka suke yi ba. Suna sayar da lu'ulu'u da tsabar cikin wasa, da kaya da bindigogi, da tikitin zango wanda in ka saya sai ka riƙa shiga kullum kafin ya ƙare, in ba haka ba kuɗinka sun tafi. Naira dubu biyu yau, dubu uku jibi, ba wanda ke rubutawa. Ka rubuta na wata uku, tare da data da kuɗin caji, ka gani.

Mafi muni shi ne ƙunshin sa'a, inda kake biya ba ka san abin da zai fito ba, ko babban ɗan wasa ko tarkace. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan caca ce, har EA ya daina sayar da makin wasan ƙwallonsa na FIFA a ƙasar a farkon 2019. A sashen Ultimate Team na wannan wasa kuma, ƙungiyar da ka kashe wa kuɗi ba ta bin ka zuwa wasan baɗi, daga farko za ka sake. Iyaye da yayye su lura da wayar da aka haɗa da katin banki. A Disambar 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai Fortnite, biyan dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 na mayar wa mutane kuɗin da aka zare musu ta hanyar maɓallan da ke sa a yi saye ba da niyya ba. Sa wa wayar kalmar sirri a kan kowane saye kafin ka miƙa wa yaro.

Ga mai shago

Lissafinka ya bambanta, Malam. Kai ba daɗin wasa kake saye ba, yawan hannun da zai karɓi fad kake saye. Wasan labari yana riƙe talabijin ɗaya da mutum ɗaya, kuma gobe wani ya zo ya goge masa inda ya tsaya, rigima ta tashi. In za ka sa shi, da awa za ka yi ciniki. Ƙwallo tana ba ka wasa huɗu zuwa biyar a awa idan ka tsayar da tsawon kowane rabi. Ninka da abin da kake karɓa, cire mai, cire abin da kake warewa don fad, sai ka raba kuɗin faifan da abin da ya rage. Adadin awannin da zai yi kafin ya biya kansa ke nan.

Sabuwar ƙwallo kowace shekara fa? FIFA 23 shi ne na ƙarshe da ya ɗauki wannan suna, daga Satumbar 2023 aka koma EA Sports FC. PES kuma ya zama eFootball a 2021, kyauta amma jingine da intanet, abin da ya sa shaguna da dama suka riƙe PES 2021. Bambancin shekara da shekara sau da yawa 'yan wasa ne da riguna. Idan abin da ya dami abokan cinikinka shi ne har yanzu Osimhen yana Napoli alhali ya koma Galatasaray tun 2024, akwai wurin sauya wa ɗan wasa ƙungiya a cikin saitin wasan, aikin yamma ɗaya ne. Sai dai in maƙwabcin shagonka ya kawo sabuwa yara suka koma can, a nan kasuwa ce za ta yanke maka hukunci. GTA da Mortal Kombat an yi musu alamar shekara 18 a kwali, kuma akwai dalili. Kada ka kunna su ga yaran firamare. Ka hana sa kuɗi a kan wasa a shagonka, ka rufe lokacin salla da lokacin makaranta. Shagon da iyaye suka yarda da shi ya fi daɗewa.

Na'urorin da aka yi wa kutse ana loda musu wasanni da araha suna nan da yawa, kowa ya sani. Haƙƙin waɗanda suka ƙirƙiri wasan ne ake ci, wannan ɗaya. Na biyu, irin wannan na'ura ba ta shiga intanet lafiya, kamfanin Sony mai PlayStation na iya toshe ta, kuma in yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure duk abin da aka loda ya daina aiki. Haka masu sayar da asusun haɗaka a farashi mai sauƙi: ranar da mai asusun ya canza kalmar sirri, wasan ya tafi.

Lokacin saye da gwajin faifai

Haƙuri yana rage farashi fiye da ciniki. Ƙwallon EA a ƙarshen Satumba take fitowa, kuma zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin rangwamen Black Friday, an saba karya mata farashi. Wasan labari ba ya tsufa, wanda ya buga God of War yau abin da na 2018 ya gani shi zai gani. Sony ma yana da jerin PlayStation Hits, masu jan layi a saman kwali, da ya sa wa dala 20, kuma God of War da Uncharted 4 da Horizon Zero Dawn duk suna ciki. Mai PS4 yana da abin da zai ishe shi shekaru a wannan jeri. Mai kwamfuta da ke saye a Steam yana da damar mayar da wasa cikin kwana 14 muddin bai buga awa biyu ba, sai ya yi gwajinsa da agogo a gefe. A shagon PlayStation na intanet kuwa, da zarar ka fara saukewa, zancen mayarwa ya yi wuya.

Faifan hannu, ko daga Farm Centre a Kano aka kawo shi ko daga hannun aboki, kada ka biya a tsaye. Kama shi ta gefe, ka karkata shi ga haske. Ƙananan zane da suka miƙe daga tsakiya zuwa baki ba su cika hana karatu ba, amma zanen da ya bi zagayen faifan matsala ne, tsagewa a ramin tsakiya kuma kada ka taɓa. Saka shi a na'ura ka jira ya gama shiga gaba ɗaya, domin faifai mai lahani yakan fara lafiya ya tsaya a tsakiya. Buɗe wasan ka tabbatar akwai Turanci, don wasu na kasuwar Japan ko Rasha babu. Faifan PS4 da PS5 yana aiki a na'urar kowace ƙasa, amma ƙarin sassan da ake saye ta intanet sai yankin asusunka ya dace da na faifan, don haka duba ko na Amurka ne ko na Turai. Takardar lambar kyauta da ke cikin kwali, ɗauka an riga an yi amfani da ita, kada a ƙara maka kuɗi dominta. In saƙo ka bayar aka sayo maka daga nesa, a yi magana da mai sayarwa tun kafin a biya, a gaban shaida, kwana nawa ya ba ka ka dawo da shi idan ya ƙi shiga.